Yadda ake zaɓar tayar kat-kat da daidaita iskarta a hanyoyin Maraɗi

Kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, da ta tashi daga Maraɗi da safe tana iya taka ƙasa iri huɗu kafin la'asar: kwaltar babbar hanya mai zuwa Tasawa da Damagaram, burji mai gargada, rairayin hanyoyin amalanke na ƙasar Dakwaro da Mayahi, da damina kuma taɓon Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba. Babu tayar da ta gwanance a dukkansu. Don haka kafin ka nufi shagon tayoyi, ka lissafa tafiyarka ta wata guda, ka ga nawa ne kwalta, nawa ne daji. Wannan lissafi shi zai zaɓar maka taya. Kyan zane a ido ba ya fidda mota daga rami.

Fara da zane

Tayoyin kat-kat iri uku ne, kuma haruffansu na rubuce a jikin gefe. Mai H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana, ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, tana kama birki da kyau in an yi ruwa. Gefenta ne siriri. Ƙayar aduwa ko kututturen da aka sare a bakin gona na iya farka ta nan take, a taɓo kuma zanen ya cika ya zama sumul.

Mai M/T ta laka ce, mai manyan haƙora da faɗin rami tsakaninsu, tana watsar da taɓo tana juyawa. Matasa na sonta don kwarjini. Amma a kwalta tana gurnani, tana saurin cinyewa, birkinta a jiƙaƙƙen titi bai kai na sauran ba. A rairayi kuwa haƙoran nan haƙa suke yi: ka ɗan ƙara wuta, sai mota ta zauna a kan cikinta. Ƙasarmu rairayi ya fi yawa, taɓo na watanni uku ne ko huɗu, saboda haka M/T ta dace ne kawai da wanda aikinsa ke cikin fadama duk damina.

Mai A/T tana tsakani, kuma ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu Hilux, Prado da Land Cruiser a wannan jiha. Sai dai A/T ma kala-kala ce. Nemi wadda lambarta ta fara da LT, ko aka rubuta mata 8PR ko 10PR. Jikinta ya fi kauri, tana jure ƙaya da kaya. Tana da nauyi, tana sa mota tauri, kuma tana buƙatar iska fiye da taya ta gama-gari kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya.

Karanta lambobin gefe

Ɗauki 265/65 R17. Lambar 265 faɗin taya ce a milimita, 65 tsayin gefe ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman wili ne a inci. Ga mai shiga daji, tsayin gefe ya fi faɗi amfani. Wili mai inci 16 ko 17 da doguwar taya ya fi mai inci 20 da gajeriyar taya nesa ba kusa ba, domin gajeriya ba ta da inda za ta lanƙwasa in an rage iska, rami ɗaya kuma ya isa ya lotsa wilin. Shi ya sa siririyar 7.50 R16 ta tsoffin Land Cruiser har yau ba ta tsufa ba a karkara.

Bayan girma akwai lamba da harafi, kamar 112S. Lambar 112 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120. 115 kilo 1,215. 120 kilo 1,400. Harafin kuwa iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190. Mai lodin buhunan gero, wake ko haya a bayan Hilux ya tuna cewa tayoyin baya ne ke shan nauyin, kada ya sauka ƙasa da lambar da kamfani ya sa.

Sai shekaru. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana gaggauta hakan. Tayar da ta wuce shekara biyar a riƙa binciken ta sosai. Wadda ta kai goma a jefar, ko da zanenta kamar sabo.

In gwanjo za ka saya

Yawancin mutane ta hannu suke saye, babu laifi, amma a saya da ido. Sa a ciro ta daga tari, ka leƙa ciki da tocila. Faci a gefe, kumburi, zare ko waya da ta fito, ko baƙin gari kamar toka a ciki, duk alamar a bar ta ce. Garin nan yana nuna an taɓa tafiya da ita babu iska. Matsa gefen da hannu ka duba ƙananan tsagogi. A cikin ramin zane akwai ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6, in zane ya daidaita da shi taya ta ƙare. Don aikin daji ma kada ka jira ta kai can, daga milimita 4 ta daina riƙe taɓo.

Cikin kayan da ake kawowa daga Turai akwai tayoyin lokacin ƙanƙara. Robarsu taushi gare ta, zanen cike da siraran tsage-tsage. Sabbi suke gani, amma kwaltar bazara tana cinye su kamar sabulu.

Iska, inda yawanci ake kuskure

Taya mai tsada da iska ba daidai ba, gara mai araha da aka auna. Adadin kamfani yana manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin kilo 2 da 2.5, in da kaya a ƙara wa na baya. Kilo ɗin masu faci shi ne bar, kuma bar ɗaya kusan psi 14.5 ne, ga wanda gejinsa psi yake nunawa. Sayi gejinka na kanka. Buga taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne.

A auna da safe kafin mota ta motsa. Bayan doguwar tafiya iska kan ƙaru da kilo 0.2 zuwa 0.3, kuma hakan daidai ne. Direban da ya tsaya a Gidan Rumji da rana tsaka ya sassauta iska "don kada taya ta fashe" ya jawo abin da yake gudu: taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce ke tarwatsewa a kan gudu.

A burji mai gargada rage zuwa kilo 1.8 ko 2, ka kuma rage gudu. Mota za ta daina tsalle, duwatsu su daina yankar zane.

A rairayi mai zurfi tsaya tun kana kan ƙasa mai tauri, kafin ka kafe. Rage dukkan huɗun zuwa kilo 1.2 ko 1.4, sa giyar kat-kat, in ƙafafun gaba masu makulli ne ka sauka ka murɗa su. Abin da ke faruwa shi ne tafin taya yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyi ya bazu, mota ta hau kan rairayi maimakon ta huda shi. Kada ka wuce kilomita 40 a awa, kada ka karya sitiyari da ƙarfi, domin taya na iya zamewa daga wili. Mai tif ya ƙara hattara: in iska ta yi ƙasa sosai tif na jan jiki ya tsinke bawul. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kwashe rairayin gaban tayoyi da shebur, rage zuwa kilo 1, gwada komawa baya a kan sawunka a hankali. Da safe rairayi ya fi ɗaukar mota, da rana ya fi laushi.

Da ka fito kwalta, mayar da iska, ka cire giyar kat-kat. Wannan ne dalilin ɗaukar ɗan famfo mai aiki da batir. Hilux da Land Cruiser masu aiki ba a yi su don tafiya da kat-kat a busasshiyar kwalta ba. Ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya har giya ta ji jiki. Prado kuwa kullum a huɗu take, nata tsarin daban ne.

Haɗawa da gyara

Tayoyi huɗun da safaya su zama girma ɗaya, zane ɗaya, cinyewarsu kusa da juna. Sabuwa a gaba da tsohuwa a baya, ko 265/70 a haɗe da 265/65, na sa ƙafafu juyawa ba tare ba, kuma kuɗin gyaran giyar ya fi na taya biyu. A sauya musu wuri kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000. In gefe ɗaya kaɗai ke cinyewa, matsalar saitin ƙafa ce, sabuwar taya ba za ta magance ta ba. Bayan an ɗaura taya, a sake ɗaure notuna in an yi kilomita 50 zuwa 100.

Hujin ƙaya ko ƙusa a tsakiyar zane, in bai wuce milimita 6 ba, ana toshe shi, mafi kyau a cire taya a yi faci daga ciki. Yankan gefe ba ya gyaruwa, ko an ɗinke shi da waya an sa tif. Wili mai zobe irin na 7.50 kuma, yayin ba shi iska a kifa zoben ƙasa, kowa ya matsa gefe, mai faci ya tsaya a kilo ɗaya ya tabbatar zoben ya zauna a raminsa kafin ya ƙarasa.