Babi na 6: Ƙarfin Tsakiyar Jiki ga Mai Tseren Iyo, Keke da Gudu

Tirayatalon tsere uku ne a jere ba hutu: iyo, keke, sannan gudu. A gasar Olamfik, wadda ta karɓi wasan a shekarar 2000 a birnin Sidni, ana iyon kilomita 1.5, a tuƙa keke kilomita 40, a ƙarasa da gudun kilomita 10. A gasar Ironman kuwa iyon kilomita 3.8 ne, keke 180, gudu 42.2. Sabon shiga yakan duƙufa kan horar da hannu da ƙafa, ya manta da gangar jikin da ke riƙe da su.

Tsakiyar jiki ta kama daga ƙasan ƙirji zuwa saman cinya: tsokar ciki, kwiɓi biyu, ƙugu, ɗuwawu da tsokar da ke tallafe da ƙashin baya. Babban aikinta shi ne hana jiki karkacewa lokacin da hannu da ƙafa ke aiki.

A cikin ruwa, idan ciki ya saki, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, ruwa ya riƙa tare mutum. Yana ta sara da hannu amma tafiyar kaɗan ce. A kan keke kuma, ƙugun da ke rawa hagu da dama a kan sirdi yana zubar da ƙarfin da ya kamata ya sauka kan feda, ga ciwon baya saboda doguwar duƙawa.

Gudu ne ke tona asiri. A kowane taku ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da nauyin jiki duka, kuma tsokar gefen ɗuwawu ce ke hana ƙugu faɗawa ta ɓangaren ƙafar da ke sama. To, an zo gudu da gajiyar iyo da ta keke. Idan tsokar nan ba ta da juriya, ƙugu zai karkace, gwiwa ta lanƙwasa ciki, taku ya gajarce. Sau da yawa ciwon da ake ji a gwiwa daga nan ya samo asali.

Atisayen farko shi ne tsayuwar katako. Kwanta rub da ciki, ka kafa gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, ka ɗaga jiki a kan hannu da yatsun ƙafa. Kai, baya da diddige su miƙe a layi ɗaya. Matse ɗuwawu, ka ɗaure ciki, ka ci gaba da numfashi. Riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka huta daƙiƙa 30, ka yi sau 3. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Wani ƙugunsa ya lotsa ƙasa, nauyi ya koma kan ƙashin baya. Wani kuma ya turo ɗuwawu sama don ya samu sauƙi, ciki ya daina aiki. Da zarar layin ya karye, sauka. Mu a ganinmu, wanda ya iya daƙiƙa 60 da kyau ba ya bukatar ƙarin lokaci, gara ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya.

Sai a juya gefe. Jingina a gwiwar hannu ɗaya, ƙafa kan ƙafa, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe. Daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane ɓangare. Idan ya yi tsauri, lanƙwasa gwiwa ka dogara a kanta. Za ka iya tarar da ɓangare ɗaya ya fi rauni, to da shi za ka fara.

Na uku gada ce. Kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Danna diddige, ka ɗaga ƙugu har kafaɗa, ƙugu da gwiwa su daidaita, ka tsaya daƙiƙa 2, ka sauko a hankali. Sau 12, zagaye 2. A ɗuwawu ya kamata ka ji aikin. Idan bayan cinya ne ke ɗaurewa, matso da diddige kusa da jiki.

Na ƙarshe, durƙusa a kan tafin hannu da gwiwa, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, ba tare da ƙugu ya juya ba. Sau 8 kowane ɓangare.

Duka huɗun ba su wuce minti 15 ba. A yi sau 2 ko 3 a mako, da kwana guda a tsakani, bayan horo mai sauƙi. Kada a yi su gab da gudu mai tsanani, don gajiyayyen ciki ba ya riƙe ƙugu. A makon gasa a rage zuwa zagaye ɗaya. Gajiyar tsoka ba komai ba ce, amma idan ka ji suka a ƙashin baya, ko ciwo yana sauka cikin ƙafa, dakata ka ga likita kafin ka ci gaba.