Yadda Ake Ɗaukar Hoton Dabgi da Sauran Dabbobin Dare a Gashaka Gumti

Mai son hoton dabgi, ko beguwa, ko damisa a gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, zai fara ne da neman izini a ofishin gandun da ke Serti, sannan ya shiga tare da jami'in tsaron daji. Rani ya fi dacewa, domin da damina koguna kan cika su datse hanya.

Bin waɗannan dabbobi da tocila wahalar banza ce, tun da suna jin ƙanshin mutum daga nesa. Abin da ya fi shi ne kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsi da ɗumin jiki, tana amfani da hasken da ba ya razana dabba. A nemi ramin da aka tona kwanan nan kusa da suri, domin gara da tururuwa ne abincin dabgi, a ɗaure kyamarar daidai gwiwa, tana fuskantar arewa ko kudu don kada fitowar rana da faɗuwarta su ɓata hoton. A nome ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta cika katin ajiyar hotuna na kyamarar da hotunan wofi. A sa sababbin batura, a bar ta makonni ba tare da yawan leƙe ba.

Kafin a wallafa hoton a intanet, wajibi ne a goge bayanin wurin da kyamara ke adanawa a cikinsa, saboda mafarauta ma suna dubawa.