Yadda Ake Auna Kuɗin Gudanar da Injin Daddatsa Itace: Fetur ko Dizal

Mai neman sayen injin daddatsa rassa a Kumasi, ko don aikin sassabe a gona ko don kwashe ragowar katako a Sokoban, unguwar masu sana'ar katako, bai kamata ya yanke shawara da farashin lita da ya gani a allon gidan mai ba. Tun 2015 da gwamnatin Gana ta sakar wa kamfanoni ragamar farashi, kuɗin mai yana sauyawa sau biyu a wata, kuma dizal ya daina zama mai arha: a ƙarshen 2022 litarsa ta haura sidi 20 (kuɗin Gana), fetur kuwa yana ƙasa da shi. Abin da za a auna shi ne kuɗin da kowane lodi na dattsattsen itace ya ci.

Hanyar aunawa ba ta da wuya. A cika tanki har baki, a yi aiki awa ɗaya da irin itacen da aka saba samu, sannan a sake cikawa da gwangwanin awo domin a san litar da ta tafi. Sai a ƙirga buhu ko baro nawa aka tara a cikin wannan awa, a raba kuɗin man da adadinsu. Ƙaramin injin fetur mai ƙarfin doki 13, irin Honda GX390, yana shan kimanin lita 3 da rabi a awa idan aka matsa masa, amma reshen da ya wuce kaurin santimita 8 zuwa 10 ya fi ƙarfinsa. Na dizal mai doki 25 zuwa sama yana iya shan fiye da haka a awa, sai dai yana haɗiye rassa masu kauri ba tare da an tsaya faskara ba, saboda haka a lissafin buhu shi ne yake fitowa da sauƙi. Dalili kuwa shi ne litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100, kuma injinsa ya fi iya tatse wannan ƙarfi.

Bayan mai sai gyara, kuma nan ne mutane da yawa suke tafka asara. Injin fetur yana son canjin baƙin mai duk bayan awa 100, da fulogi da wanke kafireta, waɗanda duk wani makaniki a unguwar Aboabo zai yi a tsaye. Na dizal ya fi jimawa kafin a canja masa baƙin mai, amma yana ɗaukarsa da yawa, yana da filta fiye da ɗaya, kuma ranar da gurɓataccen dizal ko ruwa ya lalata nozil da famfo, sai an dangana da ƙwararru a Suame Magazine, babbar matattarar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, inda kuɗin gyara guda zai iya cinye rarar watanni. Kafin a biya kuɗin inji, a zagaya Suame a tambayi ko ana samun kayansa.

Wuƙaƙe kuwa ba ruwansu da irin man da inji yake sha. Dakusasshiyar wuƙa tana ƙara shan mai, kuma itacen da aka ja a ƙasa ya kwaso yashi yana cinye kaifi da sauri, musamman busasshen dogon yaro a lokacin hunturu. A ajiye wuƙaƙe biyu, ana aiki da ɗaya ana wasa ɗaya.

Daga nan sai a ɗauki bambancin kuɗin sayen injinan biyu a raba shi da rarar da dizal yake bayarwa a kowane buhu. Abin da ya fito shi ne buhunan da za a tara kafin dizal ya mayar da kuɗinsa. Wanda yake aiki kwana ɗaya ko biyu a mako a gonarsa zai iya shekaru bai kai wannan adadi ba, don haka fetur ya fi masa. Ɗan kwangila da yake bin masu sare bishiyoyi kullum, shi ne dizal ya dace da shi.