Darasi na Tara: Daga Ina Sunan Garinmu Ya Fito?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Babbar Kasuwar Kaduna ya ji kwandasta na kira: "Kawo! Kawo! Saura mutum ɗaya!" Kawo sunan itace ne, haka ma rimi na Unguwar Rimi. Mutanen dā sukan yada zango a gindin babbar bishiya, in an daɗe sai wurin ya ɗauki sunanta.

To ita Kaduna fa? Kogin ne ya fara samun sunan, garin ya ara daga baya. Hausawa na cewa daga kada aka samo shi, don jam'insa kadduna, kuma kogin ya yi suna wajen kadoji. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, sun ce daga kalmarsu "odna" ne, wato kogi. Kada mu yi saurin ture maganarsu. Suna noma a bakin ruwan nan tun kafin Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917.

Wasu garuruwan kuwa sunan mutum suka gada. Zariya 'yar Bakwa Turunku ce, ƙanwar Sarauniya Amina, kuma Turunku na nan har gobe a ƙaramar hukumar Igabi. Bayan jihadi, sarakunan Zazzau na Haɓe suka yi kudu, Abubakar Ja ya kafa gari a 1828. Abu Ja, Abuja ke nan. Da babban birnin tarayya ya karɓi sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, saboda Sarki Sulaimanu Barau. Dutse ma yakan gaji mutum: Dalar Kano, in ji tarihin Kano, sunan ɗaya daga kakannin Barbushe ne, babban bokan Kano na dā.

Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka san waɗannan labarai suna ta ƙarewa, ba a rubuta ba. Yanzu kun iya riƙe biro, aikin ya zama naku.

Karanta da ƙarfi: kada, kadduna, Kaduna. Tudun Nufawa. Unguwar Shanu. Mararrabar Jos.

Aikin gida: je wurin dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ka durƙusa ka gaisa, ka ce, "Baba, don Allah wa ya fara zama a nan, kuma me ya sa ake kiran wurin haka?" Rubuta amsar cikin jimla uku. In ka ji bayani iri biyu, rubuta duka, ka kawo aji ranar Asabar.