Yadda Za Ka Fahimci Bayar da Ƙasa a Tsohuwar Ingila

Idan kana karanta tarihin Ingila bayan 1066, ka ga an ce ubangida ya ba baransa fili, kada ka ɗauka kyauta ce tsagwaronta. Fara da duba mubaya'a, inda mai karɓa yakan durƙusa, ya sa hannayensa cikin na ubangidan, ya rantse zai yi biyayya. Sannan ka nemi miƙawar, wadda ake yi a kan filin a gaban shaidu, a danƙa masa dunƙulen ƙasa ko reshen itace, domin takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Hidimar da ke kansa galibi yaƙi ce, kwana 40 a shekara. Ka kuma lura da shekara, domin daga 1290 doka ta hana bara ya yanka wa wani filin ya zama ubangidansa.