Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar "Click" ta Turanci

Duk wanda ya taɓa riƙe linzamin kwamfuta ya san kalmar "click", sai dai ba kowa ne ya lura cewa kalmar ba ta da wata alaƙa da yatsa ba, domin ƙara kawai take kwaikwayo. Ga mai son gano ma'ana da asalin irin wannan kalma, kunne ne matakin farko, ƙamus kuwa daga baya yake zuwa.

Ka furta kalmar a hankali, ka saurari kanka. Da harafin "k" ta fara a lafazi, da shi kuma ta ƙare, wasalin da ke tsakiya gajere ne, saboda haka sautin yana fita ya yanke nan take. Ka ɗauki ƙaramin kwaɗon ƙofa ka matse shi har ya kulle, za ka ji ya ce ƙas. Wannan ƙarar ce Bature ya ji ya ce "click". Masana nahawun Hausa suna kiran irin su ƙas da ƙwal amsa-kama, kuma wanda ya saba da su ba zai sha wahala a nan ba.

Daga nan sai ka sauya wasalin, ka ga abin da zai faru. "Clack" ƙara ce da ta fi nauyi, irin ta katako biyu idan sun haɗu, "cluck" kuwa kukan kaza ce mai kiran 'yan tsakinta. Siririn wasali yana tafiya da ƙaramar ƙara, buɗaɗɗe kuma da babba.

Bayan haka ne za ka buɗe ƙamus mai kawo tarihin kalmomi, kamar babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, kuma yana jera misalan kowace kalma tare da shekarunsu. Za ka tarar cewa "click" ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 16, tana kuma da takwarori: "klikken" a harshen mutanen Holan da "klicken" a Jamusanci. A nan ne, a ganina, mutane da yawa suke yin tuntuɓe, domin da zarar sun ga kama sai su yanke hukuncin cewa aro aka yi. Kalmomin kwaikwayon sauti suna iya yin kama ko da babu wanda ya ara daga wani, tun da ƙara ɗaya kunnuwan suka ji. Ai ƙas ɗinmu ma ta yi kusa da ita, alhali Hausa ba ta haɗa dangi da Turanci ba.

Abin da ya rage shi ne ka bi yadda ma'anar ta yi rassa. Masana harshe sun ba wa sautukan tsotsar harshe na Zulu da Xhosa, harsunan Afirka ta Kudu, wannan suna na "click". Da linzamin kwamfuta ya zo, wanda injiniyan Amurka Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a a birnin San Francisco a 1968, sai ƙarar maɓallinsa ta zama sunan aikin gaba ɗaya. Don haka idan za ka mayar da umarnin "click here" cikin Hausa, kada ka bi ƙarar, ka bi hannun: ka rubuta "danna nan" ko "latsa nan".