Yadda za a haɗa manyan maguna biyu a gida ɗaya

Jama'a, kuskuren da aka fi yi shi ne a shigo da baƙuwar mage a dire ta gaban ta gida, wai su saba. Mage dabba ce mai kishin wurinta, kuma da hanci take tantance baƙo kafin ido.

A ware wa baƙuwar ɗaki guda da kwanon abinci, ruwa, bahon yashi (inda za ta yi kashi da fitsari) da kwalin ɓuya. A rufe ƙofa kwana 3 zuwa 7, kada su ga juna. Kullum a goga tsumma a kumatun kowacce, a ajiye kusa da shimfiɗar ɗayar. Idan ta shinshina ta wuce, alhamdulillahi. Idan ta yi huci, da saura.

Daga nan a riƙa ba su abinci lokaci guda, ƙofa na tsakani, ana matso da kwanonin a hankali. Sun ci ba gurnani? To, a buɗe ƙofar kamar faɗin yatsu biyu, na minti biyar.

Ɗan huci ba komai ba ne. Amma in kunnuwa suka kwanta, gashin wutsiya ya tashi, a koma baya mataki ɗaya. In faɗa ya kaure, kada a sa hannu, cizon mage na saurin ruruwa. A tura kwali tsakaninsu.

Bahon yashi ya zama uku, a wurare daban, don kada wata ta tare hanya. Muzurai biyu kuwa, a kai wa likitan dabbobi ya fiɗiye su tukuna.